Me ya haɗa ɗan Maradi da birin kurmi?

Ranar asabar da ta wuce bayan la'asar ƙanena ya ja ni wata fada a unguwarsu, wai shi da abokanshi 'yan jami'a da wasu 'yan lise za su nuna bidiyo a kan birai da kurmi, su yi ma mutane bayani. Ni dai na tahi ne don kar ya ce na raina mishi, amma a raina ina cewa yaran nan ba su da aikin yi, garin da ake neman iccen girki da kyar, damana ta zo ko ta ƙi zuwa, ga tsadar hatsi ga matsalar tsaro a kudu, kai kuma ka tara mutane kana musu zancen gwaggon biri na Kamaru. An shimfiɗa tabarmi, an ɗora shayi, an jingina kwamfuta a kan benci, yara ƙanana sun cika wurin don su dai ko me za a nuna kallo ne. Ba a yi minti goma ba wani dattijo maƙwabcinsu da ke zaune gefe da carbi ya ɗaga hannu ya ce, "Samari, ni fa ban gane ba. Birin da na sani ɓarawon gona ne, mun kwana muna koranshi muna yara. Yanzu ku cewa kuke a tausaya mishi?" Kowa ya fashe da dariya, yaron da ke bayani ya daburce ya ce, "Baba, ai wanga daban ne, na kurmi ne." Dattijo ya ce, "To in na kurmi ne sai mutanen kurmi su ji da abinsu."

Tun ranar tambayar nan take mini yawo a kai, don gaskiya tambaya ce mai kyau kuma yaran ba su amsa ta ba. Ni ina ganin akwai amsa, sai dai ba ta cikin bidiyon da suka sauko da shi daga intanet.

Abu na farko da ke rikita zancen shi ne harshe. Mu komi biri ne. Jan biri da ke gudu a ƙasa cikin saura biri ne, kirka mai baƙar fuska da ke bin bakin gulbi biri ne, bika ko gwaggon biri da ke gandun dajin Parc W da duwatsun Ayar shi ma biri ne, sannan in an ga gorila ko cimpanzi a talabijin sai a ce gwaggon biri kuma, alhali su waɗannan biyun ko wutsiya ba su da ita, kuma rayuwarsu ta yi nisa da ta namu biran. Masana sun ƙirga dangin birai sama da iri 500 a duniya, kuma wani babban bincike da aka fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 60 cikin ɗari nasu na cikin haɗarin ƙarewa, kashi 75 kuma yawansu raguwa yake. Ƙasashe huɗu kawai, Barazil da Madagaska da Indonesiya da Kwango ta Kinshasa, su ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na ire-iren. Jan birinmu shi ɗan fili ne, ya fi kowane biri gudu a duniya, yana kaiwa wajen kilomita 55 a awa, yana cin ƙaro da ƙwari da duk abin da ya samu, shi ya sa ya iya zama da mu. Na kurmi kuwa in ka sare mishi itatuwa ka gama da shi, ba ya da inda zai koma.

Kurmin ma sai an yi bayani, don yaron da aka haifa a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo nan Maradi bai taɓa ganin irinshi ba. Mu nan ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, cikin wata uku zuwa huɗu. A Kalaba kuwa ana samun wajen 3,000. Itatuwa su yi tsawon mita 40 ko 50, su haɗe kai a sama har rana ba ta isa ƙasa sosai, ƙasa kullum da danshi. Wannan daji da ya taso daga Gini da Saliyo da Laberiya ya bi ta Kodebuwa da Gana, ya ɗan yanke wajen Togo da Benin, ya sake tashi a kudancin Najeriya ya shiga Kamaru ya haɗe da babban kurmin Kwango. Kakanninmu fatake sun san shi ƙwarai, can suke zuwa ɗauko goro, hanyar Gwanja ba tatsuniya ba ce.

To ga goron ma. Duk ɗaurin aure da suna da ake yi a Maradi, goron da ake rabawa ɗan kurmi ne, iccen goro ba ya rayuwa sai inda ke da ruwa da inuwa, daga Kodebuwa da Gana da ƙasar Yarbawa yake zuwa mana. Katakon da kafinta ke yi ma amarya gado da shi daga kudu ake lodo shi. Manja daga can. Ko cakulan da yara ke saye a kanti, koko ne, kuma Kodebuwa da Gana su biyu ke noma wajen rabin kokon duniya, kuma gonakin kokon nan a kan gawar kurmi aka yi su. Kodebuwa ta rasa sama da kashi 80 cikin ɗari na dajinta, kuma cikin masu saran da masu aikin gonakin har da 'yan ci-rani daga Sahel. Ke nan maganar "mutanen kurmi su ji da abinsu" ba ta tsaya ba, hannunmu na cikin kwanon tun tuni.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zancen ruwan sama. Damanarmu daga teku take tasowa, iskar damana ta ɗebo laima daga tekun Gini ta nufo arewa, ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta iso mana. A hanya ruwa na zuba a kurmi, itatuwa su sha ta saiwa su sake fitar da shi ta ganye ya koma sama, iska ta ƙara tura shi gaba, ya sake zuba, ya sake tashi. Wato daji kamar 'yan miƙo ne a wajen gini, wanga ya miƙa ma wancan kwano har ya kai sama. In aka cire na tsakiya, ruwan da ya zuba sai ya gangara gulbi ya koma teku bai ƙara tashi ba. Ba wai duk fari da muka sha saran kurmi ne ya kawo shi ba, zafin ruwan teku na da babban hannu a farin shekarun 1970 da 1980, amma wani kaso na laimar da ke iso ma gonar hatsi a Gidan Rumji ko Mayahi ta bi ta ganyen itatuwan kudu ne. Manomi in ka yi mishi wannan bayanin zai saurare ka, don shi ya san daga ina hadari ke samun ƙarfi, ya san iskar da ke juyawa in bazara ta yi nisa.

Ina biri ya shigo? Nan ne yaran suka kasa haɗa zaren. Yawancin manyan itatuwan kurmi ba iska ke watsa irinsu ba, dabba ce ke cin ɗan iccen ta tahi da ƙwallon a ciki ta kasayar da shi nesa, cikin taki, inda zai samu wurin tsira. In ƙwallo ya faɗi gindin uwarshi inuwa da ƙwari sun kashe shi. Gorila da cimpanzi da giwar kurmi su ne suka fi iya haɗiye manyan ƙwallaye, ƙananan tsuntsaye ba su iyawa. To mu da muka san gawo ai ba sai an wahalar da mu ba, kowa ya san ɗan gawo in akuya ko saniya ta ci ta kasayar ya fi saurin tsira, shi ya sa kake ganin gawo ya bi burtali da makiyaya. Aikin da akuya ke yi ma gawo shi biri ke yi ma kurmi. Daji na iya tsayawa kore shar shekara da shekaru bayan mafarauta sun ƙarar da biran, kana gani ka ce lafiya lau, alhali tsofaffin itatuwa ne kawai, ba na baya masu tasowa, gari ne da ba a haihuwa.

Kuma su manyan biran ba su da saurin haihuwa ko kaɗan. Gorila ciki wata takwas da rabi, ɗa guda, sai bayan kamar shekara huɗu ta sake. Cimpanzi shekara biyar zuwa shida tsakanin haihuwa da haihuwa. Ka kwatanta da akuyar Maradi ja da ke ba ka tagwaye. Shi ya sa in an harbe uwa guda ba a maida gurbinta da wuri. Gorilar Kuros Riba, wadda ke duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru, wuraren Afi da Mbe da Okwangwo da Takamanda, duk duniya ba su kai 300 ba. Ka ji fa, ba su kai mutanen da ke cika sahu a ƙaramin masallacin juma'a ba. Cimpanzin yammacin Afirka yawanshi ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari tsakanin 1990 da 2014. Akwai wani jan birin kurmi na iyakar Gana da Kodebuwa da masana ba su ƙara gani da ido ba tun 1978. Akwai kuma cimpanzin Gashaka Gumti can Taraba da Adamawa, inda Hausa ma ake ji a ƙauyukan kewaye, wato ba wata duniya ba ce mai nisa.

Mu ba mu cin biri, alhamdulillahi, wanga laifin ba namu ba ne. Amma akwai namu. Wa bai taɓa ganin gardi da biri a kasuwa ba, an ɗaura mishi igiya a ƙugu an sa mishi 'yar riga, yana tsalle ana jefa dala-dala, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ko gidan wani mai hali an ɗaure ɗan biri a gindin bedi yara na tsokana. Abin da mutane ba su tunani shi ne ɗan biri ba ya sakin uwarshi, manne yake a cikinta, ba ka samun shi sai ka kashe ta, in kuma cimpanzi ne ko gorila sai an kashe manya da yawa na garken don su ba su gudu su bar ɗa. Kuma wannan fatauci ne na ƙasa da ƙasa mai kuɗi, duk da yarjejeniyar CITES da ta fara aiki tun 1975 ta hana cinikin manyan biran. A watan Disamba na 2024 an kama wani jaririn gorila cikin akwati a filin jirgin Istanbul, an ɗauko shi daga Najeriya za a kai shi Tailan. Yanzu kuma cinikin ya koma waya, a sa hoton ɗan biri da kwalbar madara a TikTok ko Facebook mutane su yi ta zuba mishi so, wani ya tambayi farashi ta bayan fage. In da yaran fadar nan za su yi abu guda mai amfani a intanet, to su riƙa gaya ma abokansu su daina yaɗa irin wannan bidiyon.

Ranar dattijon ya tuno musu da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Shi da ya fara da gardama shi ya kawo hujjar da ta fi ta bidiyon ƙarfi, wurin ya yi tsit.

Sai kuma wani yaro ya ɓata komi, cikin zumuɗi ya ce ai birai kakanninmu ne. Nan take aka fara "a'uzubillahi", mutum uku suka tashi. Na farko ko masanan da yake kwaikwayo ba haka suka ce ba, na biyu me ya kai ka? Ka zo neman a daina ɗaure biri da saran icce, ka buɗe gardamar da ba za ka iya rufewa ba. Biri ya yi kama da mutum, Bahaushe ya riga ya faɗa, ya isa. In kana son ka nuna wayonsu ka ba da labarin Jane Goodall, Baturiyar Ingila da ta isa dajin Gombe a 1960, Gombe ta Tanzaniya fa ba ta Najeriya ba, ta ga cimpanzi na gyara tsinke yana zura shi cikin suri yana ciro gara yana ci, abin da ya girgiza masana don lokacin ana cewa ɗan Adam ne kaɗai ke ƙera kayan aiki. Ko cimpanzin dajin Tai a Kodebuwa da ke ɗora ƙwallo a kan saiwa ya fasa da dutse, ɗa na zaune gefen uwa shekaru yana koyo, kamar yadda muke fasa ƙwallon goriba. Wannan yara za su riƙe shi, manya ma za su ce ikon Allah. Ita matar ta rasu a watan Oktoba na 2025 tana da shekara 91, kuma ƙungiyar matasa da ta kafa, Roots & Shoots, da ɗalibai 12 ta fara a Darussalam ta Tanzaniya a 1991, a barandar gida, ba da wani babban foroje ba.

Zancen cuta shi ma yana da amfani amma a yi shi daidai. Cutar sida asalinta ƙwayar cuta ce ta cimpanzi a kudu maso gabashin Kamaru da ta tsallako ma mutum tun farkon ƙarni na 20, galibi ta hanyar jini wajen farauta da fiɗa. Ebola da ta tashi a Gini ƙarshen 2013 ta ci mutane sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, kuma ita Ebola tana kashe gorila da cimpanzi kamar yadda take kashe mu, ta hallaka dubbansu a Kwango, mutane kan kamu in sun taɓa mushensu. Amma ƙyandar biri da ake ta faɗa, sunan ne kawai ya bi biri don a jikin biran ɗakin bincike aka fara ganinta a Danmak a 1958, an fi zargin ɓeraye da kurege na daji, har hukumar lafiya ta duniya ta canza mata suna a 2022. Dalilin da ya sa na ce a yi a hankali, in ka tsorata mutane da biri ba tare da bayani ba, gobe sai su kashe duk wanda suka gani.

Yanzu ga inda nake ganin yaran Maradi sun fi 'yan wasu wurare abin faɗa, kuma su ba su ma sani ba. Sun ɗauko darasi daga waje alhali darasin na bayan gidansu.

Waɗanda suka girme mu sun ba mu labarin yadda karkarar Maradi ta koma fili fetal a farkon shekarun 1980, ka tsaya a gona ka hango ƙauye na gaba ba icce ko ɗaya, iska ta binne shuka sai an sake shuka sau biyu sau uku, ga yunwar 1984 da ake ce ma El Buhari. An kashe kuɗi an yi gandun renon itatuwa an dasa an dasa, akasari suka mutu. Kuma doka ta lokacin cewa take icce na gwamnati ne, ko cikin gonarka yake in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara, to wa zai reni abin da zai jawo mishi tara? Manomi na ganin tsiro sai ya tumɓuke tun ba a gani ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a nan Maradi, ya lura cewa 'yan kumbura-kumburan sabara da kalgo da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka riƙa gyarawa, cikin 'yan shekaru ka samu icce. Shi ne sassabin zamani. Da farko dariya aka yi ma masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Abin da ya sa ya kama shi ne lokacin da manomi ya tabbatar iccen nashi ne, shi zai sari reshe ya yi girki, matarshi ta huta da tafiya nesa, ya sayar da saura, dabbobinshi su ci ɗiyan gawo da rani. Ƙauyuka irin Ɗan Saga wajen Agye suka kafa kwamitocin sa ido har da mata da makiyaya a ciki. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram, Rinaudo ya samu babbar kyauta ta duniya a 2018 tare da Yakuba Sawadogo na Burkina, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince ma manomi da haƙƙin iccen da ya rena.

Ka duba duk inda aka yi nasarar tsare birai, za ka ga wannan zancen ne da wata riga. A duwatsun Mbe ƙauyuka tara ne suka haɗu suke tsaron dajin da kansu, wasu daga cikin masu gadin tsofaffin mafarauta ne da yanzu albashi suke ɗauka, kuma can ne kyamarar da aka ɗaure a icce ta ɗauko garken gorila da jarirai a 2020. A Ruwanda baƙo na biyan dalar Amurka 1,500 don ya ga gorilar dutse na awa guda, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun na komawa ƙauyukan kewaye, kuma gorilar da aka ɗauka za ta ƙare yanzu ta haura 1,000. Mu ma muna da namu, raƙuman dawa na Kure da suka rage 49 a 1996 yanzu sun wuce 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kawo Gadabeji cikin jiharmu. Raƙumin dawa ma yana cin wake a gona, mutanen Kure ba waliyyai ba ne, sun haƙura ne don akwai abin da ke shigowa, aikin jagora da rijiyoyi da bashi.

Inda kuma aka zo da bindiga da takarda aka ce ma mutane ku fita daga dajin kakanninku don biri, ba a ba su komi ba, sai su tsani birin su tsani mai takardar. Mai gonar koko da ya share kurmi ba mugu ba ne, ɗiya gare shi, kuɗin lakwal gare shi, kuma kaso kaɗan ne na kuɗin cakulan ke isa hannunshi. In wayar da kai ta tsaya a nuna hoton gorila mai idon tausayi da cewa "mu ceci duniya", to biri boko ce, a ɗauki hoto a sa a Facebook a raba riguna a watse. Na ga irin ta ranar 3 ga Agusta, a dasa icce da kakaki da tafi, ba wanda aka ɗora ma ban ruwa, ba shinge, kafin Oktoba awaki sun gama da shi.

Shi ya sa da muna komawa gida a kan babur na ce ma ƙanena, ni da ni ne ku, da tambayar Baba zan fara. Ku je wajen tsofaffi da waya ku ɗauki muryarsu, a ina ake ganin jan biri da kirka da, yaushe aka daina gani, wane icce ne ya ɓace tare da su, tsamiya ce ko kanya ko ɗinya, me ke cikin dajin Baban Rafi lokacin da suke samari. Wannan ilimi ne da babu shi a intanet, kuma masu shi tafiya suke ɗaya bayan ɗaya. Baban Rafin ma yanzu ba kowa ke iya shiga ba saboda 'yan bindiga, kuma wannan shi ma darasi ne, dajin da mutanen kirki suka daina amfana da shi wasu ne ke gaje shi. Kuna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sashen noma da muhalli a cikin gari, kuna da gidajen rediyo masu shiri da Hausa, kuna da malamai da in kun kai musu hadisin wanda ya dasa icce mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci ya zama sadaka gare shi, za su yi huɗuba a kai ba ku biya ko dala ba. Kuma ku yarda da manomi cewa biri na ɓarna, don yana yi, garke guda na iya lalata gujiya ko masara cikin safiya ɗaya, sai ku zauna ku yi zancen gadi da kare da inda za a bar musu itatuwan da za su ci, maimakon ku ce mishi jahili.

Ya ce, "Yaya, to gorilar fa, mu bar ta ke nan?" Na ce a'a, ku sa ta a ƙarshe, bayan mutum ya gane zancen akuya da gawo, ya gane goron bakinshi da hadarin gonarshi daga ina suke. Ya yi shiru har muka wuce babbar kasuwa, sannan ya ce asabar mai zuwa za su sake taro, kuma za su roƙi Baban ya zauna gaba ya fara ba da labarin yadda suke koran biri da gwangwani a gonar mahaifinshi wajen Madarunfa. An aika mishi, ya ce zai zo in dai za a sa mishi shayin ba sukari da yawa.